Don na hau keke na je cefane, shi ne na zubar da mutuncin gida?

Hutun da na zo gida Kano kwanan baya, an yi mini wata magana da har yanzu ba ta bar raina ba. A gidanmu na Gwammaja na sauka. Da safe Hajiya ta ce kayan miya sun ƙare, maganinta na hawan jini ya kusa ƙarewa, ga ɗinkin jikokinta yana wajen tela. Yaran gidan duk sun tafi makaranta. Sai na jawo keken ɗan yayana da ke jingine a soro, na tsaya wajen mai faci ya ƙara masa iska, na kama hanya. Kafin azahar na gama komai na dawo.

Da la'asar Gwaggo ta shigo wajen Hajiya, ashe labari ya riga ya kai mata. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce: "Yanzu kai ɗan nan, duk Abujar da kake zaune, a ce an gan ka a kan keke da ledar tattasai? So kake a ce ka samu karayar arziki? Motar yayanka ba ta aruwa ne?"

Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Gwaggo." Ba a musu da babba, kuma na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma maganar ba tata ba ce ita kaɗai, tunanin gari ne gaba ɗaya, shi ya sa na ga ya kamata a fito a tattauna ta.

Matsayina shi ne: a ƙwaryar birnin Kano, in dai aiken gida ne na kusa, babu abin hawan da ya kai keke dacewa, musamman ga wanda ya zo ganin gida. Kunyar da muka ɗora wa keke ba ta da tushe, kuma tana cin kuɗinmu kullum. Hujja ɗaya ce tak ta masu suka nake ganin tana da nauyi, wato haɗarin titi, ita kuwa ba laifin keke ba ce.

Baƙo da nauyinsa

Duk wanda yake aiki a wani gari ya san yadda zuwa gida yake. Ka zo sada zumunci, amma in ba ka kula ba sai ka zama ƙarin ɗawainiya. Gidan da yake da mota, yawanci guda ɗaya ce, mai ita kuma yana da wurin aikinsa. In ka ara ka tsayar masa da harka. In ka mayar da ita ba ka zuba mai ba, ba zai ce maka komai ba, amma ya ji a jikinsa.

Kuma man yanzu ba na da ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Kuɗin adaidaita ya bi bayanta, kuɗin dakon kaya ya bi, komai ya bi. Tayar da mota a irin wannan hali don a sayo attaruhu da albasa daidai yake da yanka albasar da gatari.

Sai a ce to ka hau adaidaita mana. Wanda bai taɓa yin aiken gida ba shi ne zai faɗi haka. Aiken gida ba tafiya ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Za ka tsaya wajen mai kayan miya, ka biya ta kemis, ka ga ba su da maganin ka ƙara gaba, ka tsaya wajen mai POS, ka leƙa tela ya ce ka dawo nan da rabin awa yana sa maɓalli, ka kai markaɗe, ka biya ka miƙa katin ɗaurin aure a wani gida. Ɗan adaidaita yana da hanyar da yake bi, yana da fasinjojin da yake sauke wa. Kowace tsayawa sabon hawa ne da sabon biya. In kuma ka ɗauke shi shata, kana cikin shagon tela yana danna maka oda, kuma da gaskiyarsa, lokacinsa kuɗi ne.

Mai keke kuwa ya tsaya inda ya so, ya jira iya yadda ya so, ba ya neman canji, ba ya ciniki da kowa.

Garin da aka shimfiɗa

Allah ya yi wa Kano baiwar da ba mu lura da ita ba. In ka cire Dala da Goron Dutse, garin a shimfiɗe yake, babu hawa babu gangara na a zo a gani. Mutum mai matsakaiciyar lafiya yana yin kilomita 15 a awa a kan keke ba tare da ya wahalar da kansa ba. Daga Gwammaja zuwa Kurmi, ko kasuwar Rimi, ko Kantin Kwari, babu wanda ya kai kilomita 5. A lissafa a gani. Sannan a tuna yadda motoci ke cushewa a Ƙofar Wambai da Bata da 'Yankura da rana tsaka, mai mota yana zaune yana ƙona mai, mai keke ya sauka ya tura ya wuce.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne cikin Birni. Lungunan Mandawari da Yakasai da Koki da Jakara da Soron Ɗinki an yi su ne tun kafin a san mota, don mai tafiya a ƙasa da mai jaki da mai doki. Kasuwar Kurmi kanta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15. Akwai lungun da ko adaidaita ba ya shiga. A can kuwa yawancin danginmu tsofaffi suke, gwaggonni da kakanni da baffannin da ba su tashi daga gidajen gado ba.

Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Na lura wanda ya zo da mota yakan gaida dangin da ke bakin titi ne, na cikin lungu sai a ce "a gaishe su, sai na sake zagayowa," saboda tunanin inda za a ajiye mota da wanda zai kula da ita. Keke har ƙofar soro yake kai ka. Kana tafe kana sallama, ka tsaya a majalisar abokan ƙuruciya, dattijon da ya san mahaifinka ya ɗago ya gane ka ya sa maka albarka. Wanda ya rufe gilashi ya wuce bai samu ko ɗaya daga cikin wannan ba, alhali shi ne abin da ya baro wani gari ya zo nema.

"Me mutane za su ce?"

Mu koma kan maganar mutunci, tunda ita ce uwar sauran.

Yaushe keke ya zama abin kunya a Kano? A tambayi duk wanda ya manyanta. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da akawuna da malaman asibiti a kan keke suka yi aiki, kuma babu wanda ya raina su. Ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da safe a kan kekuna suke tafiya garke-garke. Har masana'antar haɗa keken Raleigh an yi a garin nan. Saurayin da ya mallaki sabon keke a wancan lokacin ya kai a ba shi mata. Mutanen da suka gina gidajen da muke tinƙaho da su yau, da yawansu da keke suka nemo kuɗin.

Daga baya acaɓa ta zo, sannan babura masu araha irin su Jincheng suka cika gari, sai keke ya koma na yara da masu gadi da leburori da almajirai manya. Daga nan muka fara auna mutum da abin da ya hau. A nan ne matsalar take. In muka ce hawan keke zubar da mutunci ne, me muke cewa game da dattijon da yake taka keke daga Kurna zuwa wurin gadinsa kullum, yana ciyar da iyalinsa da halal? Shi ba shi da mutunci ke nan? Ni dai ban yarda ba. Addininmu bai koya mana haka ba, tarbiyyar gidajenmu ma ba ta koya mana haka ba.

Wannan tunanin yana da tsada. Na san matasan da suke zuwa gida hutun Sallah su ari mota ko su yi hayarta, su ƙarar da abin da suka tara a kan mai, don kawai a ce wane ya samu. Kuɗin da ya kamata ya zama buhun shinkafar uwa ko kuɗin makarantar ƙani ya tafi a hayaƙi. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana. Uwa ta fi buƙatar ɗan da zai tashi ya sayo mata magani a kan lokaci a kan ɗan da maƙwabta za su yaba motarsa.

"Ai akwai yara"

Wasu za su ce babba ba ya zuwa aike, aikin yara ne. Gaskiya ne al'adarmu ta san aiken yaro, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma yaran yanzu daga boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai hadda, wasu sai magariba suke shigowa gida. Sannan wane ne ya fi dacewa ya tsallaka titin Katsina da kuɗin magani a aljihu, yaro ɗan shekara 10 ko ƙato mai gemu da yake kwance a ɗaki yana latsa waya? Hidimar iyaye ba ta da ritaya. Wanda ba ya gari shekara guda, 'yan kwanakin da ya zo su ne damarsa.

Akwai kuma masu cewa in kowa ya koma keke, 'yan adaidaita za su rasa abinci. Ba za su rasa ba. Babu mai ɗauko buhun masara daga kasuwar Dawanau ko katan-katan na kaya daga kasuwar Singa a kan kariyar keke. Babu mai kai mara lafiya asibitin Murtala a kan keke. Tafiya mai nisa, da kaya masu nauyi, da iyali, duk nasu ne.

A tuna ma asalin adaidaitar. A zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau aka kawo ta, da nufin mata su samu abin hawa na mutunci maimakon hawa bayan ɗan acaɓa. Da gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai kowa da kowa ya dawo cikinta. Yau za ka ga mace da goyo da yara biyu a tsaye a rana, samari majiya ƙarfi sun cike kujeru za su je inda ko a ƙafa za su iya zuwa. Na san a Kano mace baliga ba ta saba hawa keke ba, kuma ba wannan nake neman canzawa a rubutun nan ba. Tsofaffi da marasa lafiya su ma ba da su nake ba. Abin da nake cewa shi ne, duk namijin da ya hau keke ya bar wa wata uwa kujera.

Rana da ƙura

Zafin Kano a watan Afrilu ba abin wasa ba ne, yakan kai digiri 40. Ƙurar hunturu ma haka, ruwan Agusta ma haka. Amma cefane da safe ake yi, ziyara kuma bayan la'asar. Hula da takunkumi da gorar ruwa sun isa. Ranar da hadari ya haɗo a ajiye keken a nemi adaidaita, ba alƙawari aka ɗauka ba. Babbar riga kuwa ba da ita ake zuwa markaɗe ba, ta jira ranar Juma'a da ɗaurin aure.

Gumin ma riba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mu da muke wuni a kujerar ofis, mu zo gida a cika mu da tuwo da gurasa da fura, mun fi kowa buƙatar wannan, ga hawan jini da ciwon sukari sun shiga kusan kowane dangi.

Inda masu suka suke da gaskiya

Haɗari. Wannan ba na musunsa, kuma duk uwar da ta hana ɗanta hawa keke a babban titi saboda tsoro, ina bayanta.

Mai keke a Kano ba shi da wurin da za a ce nasa ne. Tsakiyar titi na motoci ne. Gefen titi kuwa masu tebur da masu baro sun kafa kasuwa, motoci sun yi fakin, ɗan adaidaita yana iya yanko gabanka ya taka birki ba sigina don ya hango fasinja. Mai mota ya buɗe ƙofa bai duba madubi ba. Wani ya biyo hannun da ba nasa ba. Kwata a buɗe, yashi ya taru a bakin kwalta yana kwashe taya. A titin Zariya da titin Haɗeja da titin Katsina kuma ga tireloli da tifofi, iskarsu kaɗai tana iya kayar da mutum.

Cikin shekarun nan an yi wa Kano manyan ayyukan tituna: gadar Ƙofar Nassarawa, hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Kabuga, doguwar gadar Sabon Gari, gadar Dangi, gadar Hotoro. Sun rage cunkoso, ba na hana su yabonsu. Amma a duba su da idon wanda ba shi da inji. Ina aka ware wa mai keke? Ina aka ware wa mai tura kurar ruwa, da mai baro, da guragu masu keken hannu? Titi ya ƙara faɗi, motoci sun ƙara gudu, an gina shinge a tsakiya, wanda zai tsallaka sai ya yi dogon zagaye ko ya sayar da ransa. An yi wa masu mota aiki da kuɗin kowa, alhali mafi yawan gidajen garin nan ba su da mota.

Wa'azi kaɗai ba ya gyara wannan. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har shi da kansa ya hau a Abuja zai je aiki, wata bas ta buge shi ya faɗa rami. Mutane suka mayar da abin dariya, maganar ta mutu. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, mutumin yana da gaskiya, amma ya kira mutane zuwa titin da ba a gyara musu ba.

Ƙasar Holan da ake misali da ita yau, wadda kekunanta suka fi mutanenta yawa, ba haka ta tashi ba. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga. Sai ga matsalar man fetur ta 1973 ta zo a kai. Waɗannan biyun suka tilasta wa hukumomi fara ware wa keke hanyarsa. In an ce wannan Turai ce, to ga Wagadugu nan a Burkina Faso, gari mai zafi da ƙura kamar namu, talauci kuma bai fi namu sauƙi ba, amma a manyan titunanta an ware gefe don kekuna da babura. Tsadar man da ta tura wasu suka gyara, ita ce muke ciki yanzu.

Kafin a gyara, mai keke shi ma yana da nasa haƙƙin. Birki biyu su zama suna ci. A sa ƙararrawa. A bi hannu, kada a ce don keke ne doka ba ta hau kansa ba. Kada a toshe kunne da abin sauraro, waya kuma ta zauna a aljihu, ko don masu ƙwace. Bayan magariba in babu fitila gaba da abin ƙyalli a baya, a haƙura da fita. Sannan a bi ta cikin unguwa duk inda zai yiwu, ɗan gari ya san hanyoyin da za su fitar da shi ba tare da ya haɗa kafaɗa da tirela ba. Maganar sata kuwa, sarƙa da kwaɗo mai kyau, da sallama ga mai shagon da za ka jingine a gabansa, suna rage ta ƙwarai.

Abin da nake roƙo

Ba na neman a rushe gada ko a ciwo bashi. A kasuwanni irin su Kwari da Sabon Gari da Rimi da Farm Centre, shugabannin kasuwa za su iya ware wurin ajiye kekuna mai inuwa da mai gadi, a riƙa biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Manyan masallatan Juma'a da makarantu da asibitoci ma haka. Wannan ko gwamnati ba ya buƙata.

Gwamnatin jiha kuwa, duk sabon titin da za a bayar da kwangilarsa a sa sharaɗin gefen masu keke da masu ƙafa tun a zane, a rufe kwatoci, fitilun titi su riƙa ci. Fenti kaɗai ba zai yi ba, don cikin mako guda za a mayar da wurin tashar adaidaita. Sai an sa dakali ko turakun kankare da za su raba shi da motoci, sannan a ba KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, aikin tsare shi, a kuma zauna da masu sana'ar bakin titi a samar musu inda za su matsa, ba a wayi gari a kwashe musu kaya ba.

A fara da titi ɗaya a gani. Ni da za a tambaye ni, zan ce a ɗauki hanyar da ta tashi daga tsohuwar Jami'ar Bayero ta bi ta Kabuga ta hau titin Gwarzo zuwa sabuwar jami'a. Titin yana da faɗi, ɗalibai da ƙananan ma'aikata ne suka fi bin sa kullum, kuma su ne kuɗin mota ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. A yi shi a ba shi zangon karatu guda, a ƙirga kekunan da ke bi kafin aikin da bayansa, sannan a yanke shawarar ko za a kai shi titin Zoo da titin Katsina.